Lita 100 da buta ɗaya

Mutumin da ya ba mu hayar mota mai ɗaki a bayan garin Balensiya na ƙasar Sifen ya shafe kusan awa guda yana nuna mana maɓallai, ni kuwa kai kawai nake gyaɗawa kamar ƙadangare, hankalina duk yana kan sitiyari. Ga inda ake kunna abin ɗumama ɗaki, ga tukunyar gas, ga yadda ake juyo kujerun gaba su fuskanci tebur, ga gadon da ake saukowa da shi daga rufi. Da ya zo kan tankin ruwa sai ya ɗaga yatsa: lita 100 ne, in ji shi, in mun yi tattali zai kai mu kwana uku. Tankin ban-ɗaki kuma, wani akwatin roba da ake zarowa ta gefen mota, shi ma kwana uku. Maman Ummi ta dube ni, ta dubi butar da ke leƙowa daga bakin jakarta, ta ce da Hausa, "Wannan bai san da su wa yake magana ba."

Ita ce ta raɗa wa motar suna Kunkuru tun ba mu bar harabar ba, wai ta goyo ɗakinta a baya, kuma yadda nake jan ta ko kunkurun gaske zai wuce mu. Tsawonta ya kusa mita 7, tsayinta ya kusa 3, ni kuwa ban taɓa tuƙa abin da ya wuce ƙaramar mota ba. Doka dai ta yarda, muddin nauyin bai haura kilo 3,500 ba lasisina ya wadatar. Amma yardar doka daban, shiga shataletale da gida a bayanka daban.

Ba wani dogon buri ne ya kawo mu ba. Shekarata tara ina aiki a Jamus, kuma duk hutun da na samu gida muke nufa, Katsina wajen nawa, Maraɗi wajen nata. Sai kwana goma sha 'yan kai suka yi mini saura a hutun 2024, aka ce in ban ci su kafin ƙarshen Maris ba sun bi ruwa. Kuɗin jirgin mutum uku zuwa gida bai taru ba. Wani abokin aikina ya ce in gwada kudancin Sifen da sanyi, lokacin da 'yan yawon buɗe ido suka watse, hayar mota mai ɗaki ba ta kai rabin kuɗinta na watan Agusta ba. Araha ta kira, na amsa. A ƙarshen Janairun 2025 muka sauka, mu biyu da Ummi mai shekara huɗu.

Ranar Alhamis ce, kuma da gangan na zaɓe ta. Kafin mu je karɓar motar sai da na ja su zuwa wata ƙofa ta babbar majami'ar garin, wadda ake kira Ƙofar Manzanni. Duk Alhamis da ƙarfe 12 na rana, dattawa takwas cikin baƙaƙen riguna irin na manoma sukan zauna a kan kujeru a nan waje, a gaban kowa. Kotun ruwa ce. Kowanensu manoman wata magudana ce suka zaɓe shi, cikin manyan magudanan da ke ɗebo ruwa daga kogin Turiya zuwa lambunan da suka kewaye garin. Wanda ya sha ruwa ba ranarsa ba, ko ya malala wa maƙwabci gona, nan ake kawo shi. Ba lauya, ba ɗaukaka ƙara, da baki ake kai kuka, da baki ake yanke hukunci. Mutanen garin suna danganta ta da zamanin Musulmi, kuma sunan da suke kiran magudanar da shi, asekiya, daga saƙiya ta Larabci ya fito. Wani mai riƙe da sanda ya riƙa kiran sunan magudanan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai ƙara. Ranar babu kowa. Ko minti biyar ba a yi ba aka tashi. Maman Ummi ta ce, "Yanzu don wannan ka hana mu karyawa a tsanake?"

Da muka karɓi Kunkuru, zangonmu na farko Alboraya ne, wani gari da ya manne da Balensiya ta arewa. Abin da ya kai mu aya. E, ayar dai da kuka sani. Su cufa suke ce mata. Sukan jiƙa ta, su markaɗa, su tace, su zuba sukari, su kira abin orcata, a kawo maka a dogon kofin gilashi tare da wani siririn burodi mai zaƙi da ake tsomawa ciki. Kunun aya ne ba ko tantama, sai dai an yi masa kwalliya an tsawwala kuɗi. Da sanyi wasu shagunan a rufe suke, mun dai dace da ɗaya a buɗe. Maman Ummi ta kurɓa, ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ta ce, "Ayar mai kyau ce. Amma ba dabino, ba kwakwa, ba citta, ba kanumfari. Wannan ai marayan kunu ne."

Ita ke da bakin magana, don a gonar aya ta tashi. Mahaifinta aya yake nomawa a ƙauyensu, kuma ta sha ba ni labarin yadda ake ƙone ganyen, a tona ƙasa, a yi ta tankaɗe cikin ƙura har mutum ya koma fari fat. Nan ma mun iske an riga an girbe, ƙasa mai yashi a shimfiɗe. A Afrilu da Mayu suke shuka, su tone daga Nuwamba zuwa Janairu, sai dai su inji ke yi musu tonon da tankaɗen, sannan a shanya ta watanni a ɗakuna masu iska ana juyawa. Abin da gonakinsu ke bayarwa ba ya isar su, don haka suna sayowa daga Nijar da Mali da Burkina Faso, ta gida kuma su manna mata tambari na musamman don a bambanta. Na ce mata, "Wa ya sani, ko gumin Baba muka sha." Ta ce, "Da nasa ne ai da an rage mana kuɗi."

Washegari muka miƙi hanyar kudu, raha ta ɗauke. Wata uku ke nan da ambaliyar 29 ga Oktoban 2024, ranar da a wasu wurare cikin tsaunukan yamma ruwan shekara guda ya sauka cikin 'yan awanni, ya gangaro ta busassun kwaruruka, ya afka wa garuruwa irin su Paiporta da Katarroja. Sama da mutum 200 suka rasu. Daga kan babbar hanya muna hango filaye da aka jibge matattun motoci, wata kan wata, duk launin laka ɗaya. Ummi ta tambaya wa ya ɓata motocin. Uwarta ta ce ruwa ne. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ruwan sha?"

Kwana ɗaya da rabi akwatin ban-ɗaki ya cika. Bature ya yi lissafinsa da takarda, mu kuwa mutanen buta ne. Garuruwa da yawa sun ware fili don irin motocinmu, da famfon cika tanki da ramin juye ƙazanta, wasu kyauta, wasu a biya 'yan Yuro kaɗan, kuma akwai manhaja a waya mai nuna inda suke. Aikina na kowace safiya ke nan: in zaro akwatin, in ja shi a kan tayoyinsa kamar mai shirin hawa jirgi, in juye, in ɗauraye, in zuba masa shuɗin magani. Da 'yan unguwarmu za su gan ni, mutumin Jamus da ake yi wa kirari in ya zo hutu, da na shiga uku da tsiya har jikokina.

Lita 100 kuwa tana da yawa a baki, amma a zuba mata alwala da wanke-wanke da shayi da wankan yarinya a gani. Ni a gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan ga-ruwa na tashi, na kuma san irin kallon da Inna ke yi wa wanda ya tuntsurar da rabin buta a banza. Zaman ƙasar da famfo ba ya ɗaukewa ya mantar da ni. Tun muna yara aka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, mudun da bai kai lita ɗaya ba, amma ban taɓa gwadawa ba sai a cikin Kunkuru. Robar ruwa mai rabin lita tana isa, har a rage na kurkure baki.

A zatona da sanyi za mu iske bakin teku wayam. Rabinsa gaskiya ne. A ƙananan garuruwan hutu dogayen benaye ne tagogi a garƙame, kujerun gidajen abinci a ɗaure da sarƙa, rairayi ba kowa sai mai yawo da kare. Amma wuraren kwanan motoci daga Benidom har Almeriya maƙil suke da tsofaffin Jamus da Holan da Ingila da suka gudo wa hunturun ƙasashensu, yadda shamuwa ke bin damina. Wasu tun Oktoba suke nan, sun kafa eriya, sun jera tukwanen furanni a bakin ƙofa, ba za su ɗaga ba sai Maris.

Ɗaya daga cikinsu ne ya koya mini doka. A wani filin ajiye motoci bayan Alikante na fito da kujera biyu da tebur, Maman Ummi ta ɗora shayi. Sai ga wani tsoho ɗan Holan ya sauko daga tasa motar, ya yi mini bayani da Jamusanci cikin ladabi: in ka ajiye mota inda aka yarda a ajiye, ka ci ka sha ka kwana a cikinta, ba ruwan kowa, matuƙar ba abin da ya fito waje. Da ka fito da kujera, ko ka buɗe rumfa, ko ka zubar da ruwa a ƙasa, ka tashi daga mai ajiye mota ka koma mai kafa sansani, wannan kuwa tara ce. Na mayar da kujeru. Da lokacin salla ya yi na tsaya da darduma a hannu ina yi wa kaina fatawa, shin ita ma sansani ce? A cikin motar, tsakanin murhu da ƙofar ban-ɗaki, akwai wurin da mutum ɗaya zai yi sujada in ya matse gwiwar hannu, amma fa sai alƙibla ta yarda. Daga ranar sai na duba alƙibla a waya kafin in ja burki. A gaɓar Alikante abin ya zo da sauƙi, teku da alƙibla duk gabas suke. A Almeriya kuwa kowa ya fuskanci teku, mu kaɗai muka fuskanci kwandon shara.

Agogonsu ma sai da ya rikita mu. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, asuba kusan bakwai. Abincin rana ƙarfe biyu, na dare tara, ƙananan shaguna a rufe daga azahar zuwa la'asar, Lahadi kuwa kar ma ka wahalar da kanka. Ga alade ko'ina, cinyoyi a rataye a rufin shago, kitsensa har cikin wasu biskit. Kalma biyu na fara haddacewa, sin serdo, wato ban da alade. Murhun Kunkuru ne ya rufa mana asiri, shi da mahautan 'yan Maroko, waɗanda Lahadi ba ta hana su buɗewa.

A wajen irin wannan mahauci, a wani gari cikin yankin Nihar, na ji Hausa. Tun kafin mu iso ƙasa ta ɓace, leda ta maye gurbinta, rumfunan farar leda hagu da dama har iya ganinka. A lardin Almeriya sun haura hekta 30,000, har daga sararin samaniya ana ganin farinsu. Tumatir da tattasai da kokwamba da nake saye a kanti a Jamus cikin Janairu, ban taɓa tambayar kaina daga ina suke ba, ashe nan ne. Abin mamakin, yankin yana cikin mafi bushewa a Turai kaf. A bakin teku a Kabo de Gata ruwan shekara bai wuce milimita 200 ba, ko rabin na Maraɗi bai kai ba. Daga rijiyoyin burtsatse suke zuƙowa, ruwan ƙasa yana ja da baya yana ɗaukar gishiri, sun kuma haɗa da na teku da ake tacewa a Karboneras.

Ina cinikin naman rago da hannu da ido, Maman Ummi ta ce wa Ummi ta daina taɓa kayan mutane. Wani saurayi a bayanmu, da keke a jingine a ƙofa, ya ce, "Salamu alaikum. Maigida, Hausa ne?" Hausarsa irin ta zango ce, wadda ba ruwanta da bambanta "ya" da "ta". Ɗan Kumasi ne. Ta Agadas ya biyo, ya yi Libiya, ya tsallaka Italiya, ya gangaro nan. Shekararsa huɗu yana tsinkar tumatir a cikin leda, takarda har yau ba ta fito ba. Ya ce da rani in ka shiga rumfar da hantsi kamar an rufe ka cikin tukunya. Na tambaye shi inda yake kwana, ya nuna wani wuri da haɓa, ya ce ɗaki ne na katakon dakon kaya da tsohuwar leda, su da yawa ne a can, 'yan Gana da Mali da Senegal da Maroko. Ba famfo. Jarka biyun da ke ɗaure a kekensa ruwan kwana biyu ne, daga wani famfo mai nisa.

Na ce ya sa keken a mota mu rage masa hanya. Ya leƙa ciki, ya ga murhu, ya ga gado, ya murɗa famfo ruwan ɗumi ya zubo masa a hannu, ya yi dariya ya ce, "Kai, maigida, wannan ai ya fi gida." Ban sami abin cewa ba. Kwana huɗu ina ƙorafin lita 100, kuma kuɗi na biya don in ɗanɗana ƙarancin. Maman Ummi ta zuba masa shinkafa da miya a roba, ta haɗa masa da ƙullin yaji da daddawar da ta taho da su. Da ya shinshina daddawar sai ya kau da kai ya dubi taga. Bai bari mun kai shi har can ba. A wata mararraba ya ce nan ya isa, hanyar ba ta mota ba ce. Ya ce mu gaida gida, muka ce gida zai ji, alhali mu ma ba can muka nufa ba.

Kabo de Gata kwana ɗaya muka yi mata. Baƙaƙen duwatsun tsohon aman wuta, gajerun itatuwa masu ganye kamar kaba, tsofaffin rumbunan tara ruwan sama masu ƙubba, da tafkunan gishiri inda wasu dogayen tsuntsaye masu jaja-jajan fuka-fukai ke tsaye da ƙafa ɗaya. An hana kwana a mota a cikin gandun sai a wuraren da aka keɓe. Iska ta kwana tana jijjiga mu kamar kwale-kwale.

Daga nan muka hau tsauni, yankin Alfuharra, a kudancin Siyera Nebada. Bayan Orhiba hanya ta koma igiya, ta nannaɗe jikin dutse, a kowace kwana sai na yi salati ina roƙon kada bas ta ɓullo. Itatuwan almon sun fara fure a gangare, sama kuma dusar ƙanƙara fari tas a kan Mulhasen, mai tsayin mita 3,479, wanda aka sa wa sunan Maulaya Abul Hasan, mahaifin sarkin Garnaɗa na ƙarshe. Ƙauyuka uku ne a jere wani sama da wani, Pampanera da Bubiyon da Kapilera, fararen gidaje masu shimfiɗaɗɗen rufi na laka, irin soron da ido ya saba da shi. Nan Musulmi da yawa suka zauna bayan faɗuwar Garnaɗa, aka tilasta musu canza addini, suka yi tawaye daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su aka kwashe su. A Pampanera ruwa ne ke gudu a tsakiyar lungu cikin 'yar magudana, dare da rana. Can sama kuma har yanzu suna wata dabara da suka gada: in ƙanƙara ta fara narkewa sai su karkatar da ruwan ta dogayen magudanai, su sake shi a jikin tsauni da gangan ya nutse, bayan watanni ya ɓullo a idanun ruwa na ƙasa lokacin da rani ya tsananta. Shuka ruwa suke kiran abin.

A Kapilera, sama da mita 1,400, na yi tawa shukar. Na girgiza tukunyar gas na ji ta yi sauƙi, na ce a kashe abin ɗumama ɗaki da dare, ai muna da barguna. Maman Ummi ta ce, "Baban Ummi, mutumin nan fa ya ce kar a kashe in ana sanyi." Na ce ban ji ya faɗa ba. Da gaskiyata, ban ji ba, lokacin ina kallon sitiyari.

Ashe tukunyar dafa ruwan motar tana da wani ɗan makulli mai tsaron kansa. Da zarar sanyi ya sauko wajen digiri 3 sai ya buɗe ya zubar da abin da ke ciki, don kada ƙanƙara ta fasa tukunya. Ni kuma na bar injin tura ruwa a kunne, shi kuwa aikinsa in ya ji bututu ya yi sako-sako ya turo wani. Haka suka kwana, wannan na turowa, wancan na zubarwa. Cikin barci na ji gurnani a ƙarƙashin gado, na ɗauka iska ce, na ƙara jan bargo. Da asuba na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na haska fitila a waje, ga tankin da na cika jiya a kwance a kan kwalta, ya daskare ya zama madubi tun daga ƙarƙashin mota har bakin hanya. Maganar tsohon nan ta zubar da ruwa a ƙasa ce ta fara faɗo mini, na waiga ko wani yana kallo.

Na ɗauki buta da robobi biyu na gangara cikin ƙauye a duhu, ina bin ƙarar ruwa har na iske famfon dutse da ba a rufewa. A nan na yi alwala. Ban san ruwa yana cizo ba sai ranar. Kafin in kai ga ƙafa yatsuna sun daina jin maganata. Wani mai gidan burodi ya leƙo, ya ga baƙin mutum da hular sanyi yana wanke ƙafa da asussuba cikin Janairu, ya faɗi wata magana mai tsawo da ban gane ba, ya koma ciki ya dawo da burodi mai zafi ya danƙa mini. Makullin kuwa ya ƙi rufuwa sai da cikin motar ya yi ɗumi, wato sai da na ƙona gas ɗin da na yi wa rowa. Maman Ummi ba ta ce uffan ba, abin da ya fi duka ciwo. Sai da na dawo sawu na uku ta karɓi robar ta ce, "Sannu da tattali."

Hanyar Garnaɗa ta ratsa ta wani tudu da suke kira Ajiyar Zuciyar Bamore, inda ake cewa Abu Abdullahi, sarkin Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, ya waiwayo ya dubi garinsa ya yi kuka bayan ya miƙa makullai a ranar 2 ga Janairun 1492. Yau babbar hanya ce, ba ma wurin waiwaye. Mun bar Kunkuru a bayan gari muka hau bas, don lungunan tsohon gari ko jaki sai ya yi dabara. Tikitin Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Garnaɗa, da sunanka da lambar fasfo ake sayarwa, da lokacin shiga fada a rubuce. Da rani sai ka riga da makonni, mu kwana uku kafin nan muka samu. Rubutun "Wa la galiba illallah" yana jikin bango ba iyaka. Amma bayan abin da ya same ni a Kapilera, idona a ƙasa yake, ina bin ruwa. Daga kogin Darro suka jawo shi, tafiyar kusan kilomita 6 a jikin tsauni, ba inji, gangara kawai, ya ratsa lambuna, ya cika tafkuna, ya fito ta bakin zakuna 12 na dutse. A lambun sama akwai matakalar da ruwa ke gudu a cikin abin dafawarta. Ummi ta hau ta sauka sau huɗu hannunta a ciki.

Garin ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda na zata. Tuhfar da alƙalanmu ke buɗewa, Ibn Asim ne ya tsara ta, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, nan aka haife shi, kuma a littafinsa da aka buga a Benis a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, ko da yake abin da ya faɗa a kan Katsina ba yabo ba ne, na dai yafe masa. Juma'a muka yi a masallacin unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003. In ka fito farfajiyarsa Alhamra ce a gabanka, ƙanƙara a bayanta.

Na sha jin masu wa'azi suna kukan Andalus, kuma na zo Ƙurɗuba da shirin in yi nawa. Da safe daga takwas da rabi zuwa tara da rabi kyauta ake shiga babban masallacin, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ya koma majami'a a 1236. Ginshiƙai sama da 850, bakuna ja da fari wani kan wani, sai kwatsam ka yi karo da cocin da aka dasa a tsakiya a ƙarni na 16. Ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Na tsaya gaban mihrabi ina jira, hawayen ya ƙi zuwa. Abin da ya riƙe ni a farfajiya yake, inda dā ake alwala: itatuwan lemo a jere, da 'yan magudanai a ƙasa daga gindin wannan zuwa gindin wancan. Daga 1609 zuwa 1614 an kori mutum wajen 300,000 daga ƙasar, jikokin Musulmi, amma wanda ya ci gari shi ma sai ya sha ruwa, don haka magudana ta zauna da sunanta na Larabci. Ummi ta tsinci lemo ɗaya da ya faɗo, ta gatsa kafin mu hana, ta yamutse fuska ta fashe da kuka. Na ɗaci ne, irin wanda ake kai wa Ingila su dafa da sukari su shafa a burodi.

Komawa ta Hayen muka bi, Jayyan a bakin malamai, garin Ibn Malik mai Alfiyya, wadda na gudu na bari a baiti na ɗari da wani abu. Zaitun ne tudu bayan tudu, itatuwa sama da miliyan 60 a lardi ɗaya, ana cikin girbi, an shimfiɗa raga a ƙasa inji yana girgiza rassa. Daga nan Ubeda, Albasete, sai Balensiya, awa biyar ina riƙe da sitiyarin da yanzu ya san hannuna.

Mun mayar da Kunkuru ranar Litinin, kwana 12 cif. Mutumin ya zagaya ta da takarda a hannu, ya shafa wani ɗan karce da reshen zaitun ya yi mata, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Ya zaro akwatin ban-ɗaki ya leƙa, ya jinjina mini da babban yatsa, yabon da ban taɓa zaton zan yi alfahari da shi ba. Ya tambaya ko mun sami matsala da ruwa. Na ce ko kaɗan. Maman Ummi ta yi tari.

Har mun kai bakin titi muna jiran tasi sai ga shi da gudu, yana ɗaga butarmu sama, mai ratsin kore da fari, wadda aka sayo a kasuwar Maraɗi. Ya ce mun manta tukunyar shayinmu, ya same ta a ban-ɗaki, bai san yadda aka yi ta je can ba. Maman Ummi ta karɓa da hannu biyu, ta yi masa godiya, ta tura ta cikin jaka kusa da ƙullin ayar da ta saya a Alboraya don ta kai wa Baba ya gani.